Yadda Juan Soto ya haye tsanin besbol cikin wasanni 39

A ranar 20 ga Mayun 2018 ƙungiyar Washington Nationals ta kira wani yaro ɗan shekara 19, Juan Soto, ya shigo babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB. A farkon Afrilun wannan shekarar yana garin Hagerstown na jihar Maryland, a matakin da ake ajiye yaran da ba su gama sanin hannunsu ba, inda mutum kan yi shekara guda cur kafin a ce masa ya matsa gaba. Cikin mako shida da 'yan kwanaki ya ratsa ƙungiyoyi uku, ya buga wasanni 39, ya tsallake mataki na ƙarshe gaba ɗaya bai ko taka shi ba. Masu bin wasan har yau suna kawo wannan tafiya a matsayin abin al'ajabi, kuma abin al'ajabin ce. Sai dai wanda ya tsaya a kan bajintar yaron kaɗai ya ga rabin labarin. Akwai raunin da ya kwantar da wasu, akwai lissafin kwanaki da kuɗi, akwai kuma wani abu da masu ƙungiya ke dubawa wanda ba ya fitowa a allon sakamako.

Da yake wasan bai yaɗu a wajenmu ba, sai an ɗan shimfiɗa tabarma. Mutum biyu ne ke fuskantar juna. Mai jifa yana tsaye a tazarar mita 18 da 'yan kai, yana wurgo ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa ɗaya. Mai bugu yana riƙe da sandar katako, kuma ba shi da cikakken rabin daƙiƙa kafin ya yanke shawarar zai kai bugu ko zai ƙyale. A gabansa akwai wani akwati da ido ba ya gani, daga gwiwa zuwa ƙirji, alƙalin wasa ne ke auna shi. Idan jifa ya ratsa akwatin bai taɓa ba, ko ya kai bugu ya kuskure, an ci shi ɗaya. A na uku ya fita. Idan kuma mai jifa ya kauce wa akwatin sau huɗu, mai bugu ya daure bai kai sanda ba, sai a ba shi tafiya kyauta zuwa zango na farko. Zanguna huɗu ne a filin, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Bugun da ya fi kowane daraja shi ne wanda ƙwallo ke tsallake katangar bayan fili. Wasan yana da wuya har ta kai wanda ke samun bugu mai kyau sau uku cikin goma gwani ne, shi ya sa za ka ga ana rubuta .300 a gaban sunan mutum ana jinjina masa.

Ƙungiyoyi 30 ne a MLB, kowace kuma tana da jerin ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, a warwatse cikin ƙananan garuruwa. Branch Rickey ne ya kafa wannan tsari a ƙungiyar St. Louis Cardinals tun shekarun 1920, saboda ba shi da kuɗin sayen manyan 'yan wasa, sai ya ga gara ya tara yara da araha ya raine su da kansa. A ƙasa akwai gasar sababbin shiga, sai A ƙarami, A babba, AA, sannan AAA wanda ke bakin ƙofar MLB. Babbar ƙungiya ce ke biyan albashi, ita ke turo masu horarwa, ita ke cewa wane ya hau, wane ya sauka, wane ya tattara kayansa ya tafi gida. Ƙungiyar garin nata shi ne sayar da tikiti da abinci. Wannan ya sa cin kofi a waɗannan matakai ba shi ne abin da ake nema ba. Kocin ƙaramar ƙungiya zai iya wayar gari a ɗauke masa ɗan wasan da ya fi kowa, kuma a wurin iyayen gidansa hakan ne alamar ya yi aikinsa.

An haifi Soto a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, ranar 25 ga Oktoban 1998. Yaran Amurka da Kanada ta hanyar zaɓen shekara-shekara suke shiga, bayan sun gama sakandare ko daga jami'a. Na Dominika da Venezuela kuwa ana sa musu hannu ne tun suna shekara 16, kuma galibi ta hannun masu horarwa masu zaman kansu waɗanda ke ciyar da yaro su koya masa wasa, su yanki kasonsu ranar da kuɗi ya fito. Nationals ta ba Soto dala miliyan 1.5 a watan Yulin 2015. Kuɗin ya yi wa ƙungiyar nauyi a zuciya fiye da a aljihu, domin ta taɓa ƙonewa: a 2006 ta biya dala miliyan 1.4 a kan wani yaro ɗan ƙasar, sai a 2009 ta bayyana cewa sunan da ya bayar ba nasa ba ne, kuma ya girmi shekarun da ke takardarsa da shekara huɗu. Wanda ya san rigimar rage shekaru a ƙwallon ƙafar matasa a Afirka ya san irin wannan ciwo. Babban manajan ƙungiyar na lokacin, Jim Bowden, ya ajiye aiki a cikin wannan dambarwa, Mike Rizzo ya gaje shi, kuma an ɗauki shekaru kafin su sake zuba kuɗi mai yawa a Dominika.

Shekara huɗu ba ƙaramin abu ba ne a wannan harka, domin shekaru su ne ma'aunin farko. Ɗan shekara 23 da ya gama jami'a yana lallasa yara a A ƙarami bai burge kowa ba. Ɗan shekara 18 da ke yin daidai da na tsakiya a wannan matakin, shi ake rubuta sunansa da jan biro. Soto a 2016, yana ɗan 17, ya zama gwarzon gasar sababbin shiga ta Florida da bugu sama da .360. A 2017 aka kai shi Hagerstown, ya fara da irin wannan zafin, sai ya ji rauni a idon sawu a watan Mayu yayin da ya zame zai shiga gida. Bai gama warkewa ba aka yi masa tiyata a wani ƙaramin ƙashi na tafin hannu, wanda gindin sanda ke yawan karya wa masu bugu. Wasanni 32 kacal ya buga a shekarar. Shi ya sa a 2018 aka mayar da shi inda ya tsaya, ba don ana shakkar hannunsa ba, sai don ba a gan shi ya yi wata biyu a jere da lafiya ba.

A Hagerstown ya buga wasanni 16, bugunsa .373, ya tsallake katanga sau 5. Kafin Afrilu ya ƙare aka tura shi Potomac a jihar Virginia, matakin A babba: wasanni 15, bugu .371, tsallake katanga sau 7. Sai Harrisburg, babban birnin Pennsylvania, matakin AA, inda filin wasan ke kan wani tsibiri a tsakiyar kogin Susquehanna. Wasanni 8 ya yi a can. Jimilla .362 da tsallake katanga 14.

Alƙaluman suna da kyau, amma duk wanda ya daɗe yana kallon besbol ya san wasanni 39 ba sa tabbatar da komai. Ƙwallo na iya faɗuwa inda babu kowa har tsawon wata guda, mutum ya zama tauraro, wata na biyu ta riƙa tafiya kai tsaye hannun masu tsaro. Ga shi kuma masu tsaron A ƙarami yara ne masu yawan kuskure, filayen ma ba duka ke da kyau ba. Abin da ba ya zuwa da sa'a shi ne ido. A waɗannan wasanni Soto ya samu tafiya kyauta sau 29, an fitar da shi da jifa uku sau 28. Yaro mai ƙarfin bugu a wannan shekarun yawanci fitarsa kan ninka tafiyarsa sau biyu ko uku, saboda ɗoki. Duk abin da ya taso sai ya kai masa sanda. Shi kuwa yana tsayawa ya bar jifan da ya kauce da faɗin yatsa biyu ya wuce.

Dalilin da ya sa wannan ya fi komai muhimmanci yana cikin bambancin matakan. A A ƙarami masu jifa suna da ƙarfi amma ba su da saiti, rabin abin da suke wurgowa bai san inda za shi ba. A A babba an fara samun masu lanƙwasa ƙwallo. A AA ne ake haɗuwa da wanda zai wurgo maka jifa mai lanƙwasa a daidai lokacin da kake jiran mai gudu, ko ya yi motsin hannu irin na jifa mai zafi amma ƙwallo ta iso a sanyaye, ka riga ka juya sanda a iska. Shi ya sa mutanen harkar ke cewa AA ce matattarar gaskiya, nan ne yawancin taurarin ƙauye ke tsayawa. Mai bugun da ya dogara da ƙarfin damtse, da zarar an gano jifan da yake bi a banza, shi za a yi ta ba shi har ya koma gida. Wanda ke gane jifa tun daga fitowarsa hannun mai jifa, babu inda za a ɓoye masa.

Akwai wani abu da Soto ke yi wanda ake gani ƙarara ko a talabijin. Idan an ci shi biyu, saura ɗaya ya fita, sai ya buɗe ƙafafunsa sosai, ya durƙusa kaɗan, ya matsar da hannayensa sama daga gindin sanda, ya daina ɗaga ƙafar gaba. Ya rage wa kansa ƙarfi ke nan don ya ƙara saurin kai sanda, ya riƙa kore jifan da bai yi masa ba zuwa gefe har mai jifa ya gaji ya yi kuskure. Bayan jifan da ya ƙyale kuma sai ya share ƙasa da ƙafa, ya karkaɗa ƙugu, ya zuba wa mai jifa ido. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun ɗauki wannan rashin kunya. Ni dai ina ganin yaron da ke iya canza tsayuwarsa a tsakiyar fafatawa, a gaban jama'a, ya riga ya wuce abin da ake koyarwa a Hagerstown.

Duk da haka, da komai na tafiya daidai a Washington, da wuya a kira shi a Mayu. Soto mai tsaron bayan fili ne, kuma a wannan gurbi ƙungiyar ba ta rasa mutane ba a farkon kaka. Adam Eaton ya kwanta da ciwon idon sawu har aka yi masa tiyata. Brian Goodwin ya ji rauni a wuyan hannu. Victor Robles, ɗan ƙasarsu Soto, wanda a lokacin shi ne ake ɗauka yaron ƙungiyar na ɗaya kuma yana AAA a Syracuse yana jiran kira, ya gurɗe gwiwar hannu a Afrilu garin tsalle ya cafe ƙwallo. Sai ranar 19 ga Mayu Howie Kendrick, wanda aka jawo ya toshe gurbin, jijiyar agararsa ta tsinke. Ƙungiyar kuma tana cikin shekarar ƙarshe ta kwantiragin tauraronta Bryce Harper, ba ta da lokacin haƙuri. Rizzo ya duba ƙasa, bai ga wanda ya fi yaron Harrisburg ba.

Ranar farko an sa shi ya yi bugu sau ɗaya a wasa da Los Angeles Dodgers, aka fitar da shi da jifa uku. Washegari koci Dave Martinez ya fara da shi a karawa da San Diego Padres. Mai jifan, Robbie Erlin, bahago ne, Soto ma ta hagu yake bugu, kuma wannan haɗin shi ne mafi wahala ga mai bugu domin ƙwallo na lanƙwasawa tana guje masa. Jifan farko da ya gani ya aika shi bayan katanga ta ɓangaren hagu, maki uku a take, domin akwai abokan wasansa biyu a kan zanguna da suka dawo gida tare da shi. Ya ƙare kakar da .292, tsallake katanga 22, tafiya kyauta 79 cikin wasanni 116, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa bayan Ronald Acuña na Atlanta. Wani abin dariya ma ya faru a littafin tarihi. Ruwan sama ya katse wasan Nationals da New York Yankees ranar 15 ga Mayu, aka ƙarasa shi ranar 18 ga Yuni, Soto ya shigo ya tsallake katanga. Tunda dokar ta ce duk abin da ya faru na ranar da aka fara wasan ne, a rubuce yana da bugu a MLB kwana biyar kafin ya shiga MLB, a ranar da yake Harrisburg.

Matsalar labarin Soto ita ce yadda magoya baya ke mayar da shi sikeli. Yaro ya yi wata biyu bai taɓuka komai ba a A ƙarami, sai a ce an yi asarar kuɗi. Ai Derek Jeter, wanda Yankees ta zaɓa a matsayi na shida a 1992, bugunsa .202 ne a gasar sababbin shiga, yana kiran iyayensa a Michigan kusan kullum don kewar gida. A 1993 a Greensboro, matakin A ƙarami, ya tafka kurakuran tsaro 56 a kaka ɗaya, har ana maganar a cire shi daga gurbinsa na tsakiyar fili. Ƙungiyar ta ƙi, ta haɗa shi da mai horarwa Brian Butterfield suka yi ta maimaita ɗaukar ƙwallo da wurgawa bayan an tashi daga kaka. A 1994 ya ratsa matakai uku, ya zama gwarzon ƙananan gasanni, ya kuma yi ritaya a 2014 da bugu mai kyau 3,465 a MLB. Da alƙaluman shekararsa ta farko aka bi, da an sallame shi. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu kuwa Pittsburgh Pirates ta sa masa hannu a 2008, bai taka MLB ba sai ranar 26 ga Afrilun 2017, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a gasar. Mafi yawan waɗanda ke sa hannu ko wannan rana ɗaya ba sa gani.

Rayuwar da suke yi a wannan jira ba ta da kyan gani. Wasanni kusan 140 ne cikin wata biyar, kusan kullum, da tafiyar dare a bas daga gari zuwa gari. A 2018 mafi ƙarancin albashi a matakin A dala 290 ne a mako, kuma a lokacin kaka kawai ake biya. Atisayen bazara, wato na share fage kafin a fara kaka, a wancan lokacin kyauta ake yi. A watan Maris na wannan shekarar ma majalisar dokokin Amurka ta cusa wani sashe cikin dokar kasafin kuɗi wanda ya cire waɗannan 'yan wasa daga kariyar dokar albashi mafi ƙaranci da kuɗin ƙarin lokaci. Mai miliyan ɗaya da rabi a banki irin Soto zai iya cin abinci mai kyau. Abokin wasansa da aka ba dala dubu ɗaya ko biyu ranar sa hannu, a lokacin su biyar ko shida suke haɗuwa a gida ɗaya kan katifun iska, da sanyi kuma ya nemi aikin leburanci ko tuƙi. Mafi ƙarancin albashi a MLB a shekarar dala 545,000 ne. Tsakanin Harrisburg da Washington tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna a mota.

Sai lissafin da ba a cika faɗa a fili ba. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin sayar da kansa ga ƙungiyar da ya ga dama sai ya cika shekara shida a MLB, kuma kwana 172 a cikin jerin 'yan wasa ake ƙirgawa shekara ɗaya. Idan ƙungiya ta riƙe yaro a ƙasa na mako biyu a farkon kakarsa ta farko, shekarar ba ta cika ba, ta samu kaka ta bakwai a kansa. Chicago Cubs ta yi wa Kris Bryant haka a 2015. Ya fi kowa tsallake katanga a atisayen bazara, aka ce sai ya je ƙungiyarsu ta AAA a Iowa ya gyara tsaronsa, aka kira shi ranar 17 ga Afrilu, ya ƙare shekarar da kwana 171. Ya kai ƙara, ya sha kaye a farkon 2020, domin babu wanda zai iya tabbatar da abin da ke zuciyar manaja. Atlanta ma sai 25 ga Afrilun 2018 ta kira Acuña, alhali kowa ya san ya shirya tun Maris. A wajen Soto ba za a zargi Nationals da jan ƙafa ba, amma ribar ta same ta duk da haka: kiran 20 ga Mayu ya sa 2018 ba ta shiga ƙidaya a matsayin cikakkiyar shekara ba, bai samu 'yancinsa ba sai bayan kakar 2024. Kafin nan ya taimaka musu suka ci kofin MLB na 2019 a kan Houston Astros, ya cika shekara 21 ana tsakiyar wasannin ƙarshe. Ya ƙi tayin dala miliyan 440 a 2022, aka yi musayarsa da wasu 'yan wasa ya koma San Diego, daga nan Yankees, sannan a Disambar 2024 New York Mets ta ba shi dala miliyan 765 na shekara 15. Shiga da wuri shi ya kai shi kasuwa yana ɗan shekara 26, lokacin da yawancin takwarorinsa ke isa suna dab da 30, kuma rabin wannan farashi na shekarun ne.

Tsanin da ya hau ma an sake masa fasali. A 2021 MLB ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ke da alaƙa da ita daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka rasa nasu. An ƙara albashi a shekarar, aka wajabta wa ƙungiyoyi ba da masauki daga 2022, aka sasanta wata tsohuwar shari'ar albashi a kan dala miliyan 185. 'Yan wasan suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ta kai mafi ƙarancin albashin shekara na A ƙarami dala 26,200, na AAA kuma 35,800. Kuɗin ya ƙaru, guraben sun ragu, don haka yaron da ke buƙatar shekara uku kafin ya gane kansa yanzu igiyarsa ta fi ta da gajarta. A kan batun riƙe yara kuwa, yarjejeniyar da MLB ta yi da manyan 'yan wasanta a 2022 ta ce fitaccen yaron da ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbi za a rubuta masa cikakkiyar shekara ko yaushe aka kira shi, ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen yaronta kuma ya ci kyautar za a ƙara mata gurbi a zaɓen sababbin 'yan wasa. Seattle Mariners ta fara cin wannan moriya da Julio Rodríguez a 2022. Da wannan doka tana aiki a 2018, matsayi na biyun da Soto ya zo da ya ba shi cikakkiyar shekara, da kuma ya shiga kasuwa tun bayan kakar 2023 yana ɗan shekara 25.